Yadda Ake Burge Suruki da Maganin Ɗigon Ido

Kai mai haɗa magani, surukinka na yi maka kallon wanda aikinsa wanke kwalabe ne? Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka ba zai bar bakinsa ba.

1. Narkar da maganin ko ta halin ƙaƙa. Garin ya ƙi narkewa, ya kwanta a gindin kwalba kamar laka? Antaya masa sinadarin narkarwa. Ruwa ya yi garau, shi ke nan, kai gwani ne.

2. Kada ka damu da mai gadi. Sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a kwalba nake nufi. Mai narkarwar nan ba shi da zaɓe: yadda ya rungume maganin, haka yake rungume mai gadi ya hana shi motsi. Mai gadi na nan a ciki, aiki ne dai babu. Mu ma a ofis haka muke.

3. Kai wa Baba, surukin naka, tun kafin sakamakon gwajin ƙwayoyin cuta ya fito. Durƙusa ka ce, "Baba, ga na idon nan, da hannuna na haɗa." Zai ɗaga kwalbar ya haska ta a taga ya ce, "Ashe dai kana aiki!"

4. Duba farantin gwajin da ka ɗiga wa maganin. Innalillahi! Ƙwayoyin cuta sun yi gari guda, har da unguwanni. Idon Baba fa ɗaya ne mai gani sosai. Idan idon ya tafi, matarka ma ta tafi.

5. Koma gaisuwa a guje. Kada ka faɗi gaskiya, gwani ba ya kuskure. Zauna a falo kana zufa, kana leƙen bayan talabijin da saman firji ko za ka hango kwalbar. Ka ce, "Baba, kwalbar nan marfinta ne ban yarda da shi ba."

6. Saurari amsa. "Haba, ɗana! Abu mai kyau haka in ci ni kaɗai? Ko buɗewa ban yi ba. Na aika wa mahaifiyarka ɗazu, ita ma idon na damunta."

7. Bar takalmin, ka dawo ka ɗauka. Kira mahaifiyar taka a waya kana gudu, ka faɗi gaskiyar duka, da ƙarfi, Baba na ji ta taga.

Gargaɗi: ni dai cewa na yi sunanka ba zai bar bakinsa ba, kuma bai bari ba. Idon wani, auren wani, ba ruwana.