Titin da Na Shimfiɗa wa Dawakai

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya a gaban jama'ar Kagarawal, lasifika a hannu, ina yabon kaina ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Aikina aikin hanya ne. Ni ke kula da leburori da direbobin manyan injuna a wani kamfanin gina titi, amma a unguwarmu ta Bagadaza Injiniya ake kirana, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Bayan aiki, abin da na ɗauka na fi kowa sani shi ne filayen sukuwa. Aiki ya kai ni garuruwa da dama, kuma duk inda na ji za a yi tseren dawakai sai na je kallo. In na dawo sai in baje wa mutane hukunci: wancan filin ya yi, don rumfarsa na da inuwa ga wurin ajiye mota, wancan kuwa bai yi ba, don mai tsire ɗaya ne tak a wurin. (Ban taɓa hawa doki ba. Sau ɗaya aka ɗora ni a kan jaki ina yaro, kuma ba mu rabu lafiya ba.)

Surukina, wanda kowa ke ce wa Baffa, a cikin dabbobi ya tashi kafin ya zauna a unguwar Shamaki yana sayar da hatsi. Yana da doki ɗaya, akawal, baƙi wuluk, yana ji da shi kamar ɗan auta. Shekara guda dokin nan bai yi gudu ba, tun da ya dawo daga wata sukuwa yana ɗingishi da ƙafar gaba. Baffa da kansa ya yi jinyarsa, gashi da ruwan ɗumi safe da yamma, har ya warke. Mutum ne mai kawaici, ga kunyar surukuta, don haka in ina zuba bayanin filaye a zaurensa ba ya cewa komai sai "To." Ni kuma na ɗauki wannan "to" a matsayin ya sallama wa ilimina.

Bayan kaka masu dawakai na unguwanni suka shirya 'yar sukuwar zumunci, suka gayyaci baƙi daga garuruwan kusa. Wani manomi a bayan Kagarawal, Malam Sale, ya ba da aron gonarsa da aka gama girbewa. A nan akawal zai fara fita bayan jinya. Da aka zo kan maganar wa zai gyara fili, ban bari an gama tambaya ba na ɗaga hannu.

Abin da suke nufi da gyara, na gane daga baya, shi ne a tsince duwatsu, a tumɓuke tushen dawa, a cike ramukan ɓera, a baje kunyoyi. Ni kuwa da na je na ga ƙafata na nutsewa a ƙasar gonar, sai tausayin mutanen nan ya kama ni. Na ce a raina za su ga aikin mai ilimi. Na roƙi maigidana ya ara mini gireda mai baje ƙasa da rola mai danne ta da tankar ruwa na kwana biyu. Muka baje, muka zuba marmara inda ya yi taushi, muka jiƙa, rola ta bi ta dawo, ta bi ta dawo. Na hana kowa leƙowa, wai ina so in ba su mamaki. (Na kuwa ba su.) Ranar Juma'a bayan la'asar na zagaye filin a guje a kan babur, ko girgiza ban ji ba. Na tsaya ina kallonsa, ja, sumul, har ƙyalli yake, daɗi ya cika ni.

Asabar da hantsi wuri ya cika. Dawakai suka fara isowa, wasu a mota, wasu an jawo su a ƙafa. Na sha kallon dawakai daga rumfa, amma ban taɓa tsayawa kusa da su haka ba. Da aka shigo da akawal ɗin Baffa, fatarsa na sheƙi, jijiyoyin wuyansa a miƙe, yana taku kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba, sai na ji tsikar jikina ta tashi. Na ce lallai wannan dabba ta cancanci aikin da na yi mata.

Mai gabatarwa ya kira ni in ce wani abu. Na gyara farar shaddata, na karɓi lasifika. Na gaya wa jama'a na zaga filaye da yawa a ƙasar nan, na lissafa musu aibin kowanne. Sannan na ɗaga murya na ce, "Amma wannan fili, ko tirela ce ɗauke da siminti, za ta bi ta kansa ba ta bar sawu ba." 'Yan kallo suka tafa. Ban lura ba cewa babu mai doki ko ɗaya a cikin masu tafin.

Masu dawakai suna da wata ɗabi'a. Kafin a saki doki, dattawansu sukan tuɓe takalma su zagaye fili da ƙafa. Na sha gani, na ɗauka neman sa'a ne kawai. Baffa ya cire takalmansa, shi da wasu dattawa biyu suka shiga. Taku goma suka yi suka tsaya. Baffa ya buga dunduniya a ƙasa, ta ba da ƙara kamar daɓen siminti. Ya tsuguna ya danna babban yatsa, bai shiga ba. Ya ɗauki wata tsakuwa ya jujjuya ta, ya miƙe, ya tako a hankali har inda nake. Lasifika na hannuna, a kunne.

"Injiniya," ya ce, "ka ce tirela za ta bi?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"Madalla." Ya juya wajen masu dawakai. "A cikinku wa ya zo da tirela?"

Duk filin ya ji. Dariya ta ɓarke daga can baya ta yi ta matsowa har ta iso ni. Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Nawa dai ba zai taka nan ba." Sauran suka ce su ma haka. Baƙin da suka yi sammako suka fara sassauta wa dawakansu sirdi. Sukuwar da aka yi wata guda ana shiri, da fitar da Baffa ya yi shekara yana jira, duk suna shirin watsewa saboda ni.

Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Amma Baba, ai ƙasa mai ƙarfi ta fi gudu."

Shekara bakwai ina auren 'yarsa, ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wadda ya yi a nan ba. Ya ce, "Ta fi gudu, zagaye ɗaya. Dawakanmu ba takalmi gare su ba. Duk nauyin nan da kake gani a kan kofato yake sauka, in ƙasa ba ta karɓa ba ƙashi ne zai karɓa. Akwai filin yashi can wajen rafi, yana cinye numfashin doki, amma zai dawo maka da ƙafa huɗu. Akwai na baƙar ƙasa, in ya sha yayyafi ya tsane babu kamarsa, in ya bushe ya tsage sai ya kama kofato. Akwai mai ƙasa mai kyau amma kwanarsa ta matse, doki sai ya kwanta kafin ya juya." Ya ci gaba, fili bayan fili, har da gefen da ke riƙe ruwa da inda gara ta taɓa yin gida. Wuraren nan duk na je su, ban ga ko ɗaya daga abin da yake faɗa ba. Shi da tafin ƙafarsa ya haddace su. Na tsaya baki buɗe, kunya ta ma bar ni na ɗan lokaci saboda mamaki.

Sai ya ambaci filin da ya ɓata wa akawal ƙafa. Shi ne wanda na sha cewa a zaurensa ya fi kowanne, saboda rumfa da wurin ajiye mota.

Malam Sale ne ya raba gardama. Ya ce shi damuwarsa daban ce, damina in ta zo da me zai sare wannan dutsen da na mayar da gonarsa? Tunda tankar ruwa na nan, a jiƙa, zai aika a kawo garmar shanu. Haka aka yi. Bijimai takwas suka shigo, aka ɗaura musu garma, suka fara yage aikina layi layi, mutane na biye da manjagara suna farfasa ƙasa. Ni aka miƙa wa kwando in tsince marmarar da na zuba. Na yini a duƙe, farar shadda ta koma ja, mai gabatarwa kuma lokaci lokaci yana sanarwa cewa a yi haƙuri, Injiniya na kan aiki.

Bayan la'asar dattawan suka sake tuɓe takalma, suka zagaye fili gaba ɗaya. Baffa ya danna dunduniya, ta nutse kaɗan, ta bar sawu. Ya gyaɗa kai, aka ɗaure sirdi.

Na tsaya a bakin kwana ba takalmi, don taɓo ya riga ya cinye nawa. Da aka sake su, kafin in gan su da kyau na ji su a ƙafafuna. Ƙasa na motsi a ƙarƙashina. Suka taho a dunƙule, wuyoyi a miƙe, mahaya sun kwanta a kansu, kowane kofato na tsinkar ƙasa yana watsa ta baya. Akawal ya wuce ta gabana, kusa har na ji hucinsa a fuskata, ya shiga kwana kamar ruwa a kwata. Ban san lokacin da na fara salati ba. Shekara da shekaru ina zuwa sukuwa, ranar na fara ganinta.

Akawal na uku ya zo. Baffa bai ko tambayi wa ya ci ba. Ya nufi dokinsa, ya tsuguna, ya shafa ƙafar gaban nan daga gwiwa zuwa kofato, ya daɗe a kai. Sannan ya yafito ni, ya kama hannuna ya ɗora a wurin.

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba, Baba."

"Shi ake so," ya ce. "Ba kumburi, ba rawa. Da a kan titinka ya yi gudu, da yanzu bai bari ka taɓa shi ba." Ya miƙe, ya dubi shaddata daga sama har ƙasa, ya ƙara da cewa, "Sannu da aiki." Har yau ban san wane aikin yake nufi ba, na farko ko na biyu.

Abin da na ɗauka daga ranar bai da yawa. In aka ce ka gyara wuri, fara tambayar wanda zai taka shi, in kuwa ba ya magana, tambayi mai shafa masa ƙafa kowace safiya. Kuma in har ka ƙi tambaya, ka taimaki kanka ka kashe lasifika.