Ma'ajiyar Malam Tanimu Mai Tsawon Rai

Kun dai san Malam Tanimu, mai buga wa ɗalibai takardu a ƙofar kwalejin garinmu, mutumin da har yau bai cire ledar kujerar babur ɗinsa ba don kada ta tsufa. To, kwanaki kwamfutarsa ta fara nawa, mai gyara ya sa masa sabuwar ma'ajiya, irin wadda ake kira SSD. Da zai tafi sai ya ce masa, "Malam, ita wannan ba ta son a cika ta maƙil. Kuma duk abin da ka adana a ciki yana ɗan rage mata kwana, amma kaɗan ne, kada ka damu." Wayyo, da ya sani da bai faɗa ba! Malam Tanimu ya riƙe rabin farko, ya watsar da "kada ka damu". Daga ranar ya kafa doka: ba ya danna adanawa sai ya kai shafin ƙarshe. Har adanawar da kwamfuta ke yi da kanta ya bi ya kashe.

Ranar Alhamis wata ɗaliba, Balaraba, ta kawo kundinta na kammala karatu, rubutun hannu, shafi sittin da biyu. Ƙarfe huɗu za a rufe karɓa, wanda bai kai ba kuma sai baɗi. Tun hantsi yake bugawa, kakaf-kakaf, ita kuwa tana zaune a benci tana duba agogo.

Da ya kai shafi na arba'in ta ce, "Malam, don Allah ka adana mana, wutar nan ba ta da tabbas."

"Ke yarinya, kin fi ni sanin kwamfuta ne? Kowace dannawa kwananta take ci."

Yana kan shafi na sittin, ɗif! Aka ɗauke wuta. Aka ja janareto da gudu, kwamfuta ta tashi, allonta fari fat, ko wasali ɗaya babu. Uku saura kwata. Wallahi ni da ke gefe, yarinyar ta ba ni tausayi ƙwarai.

Shi kuwa gogan naka, maimakon ya ba ta haƙuri, sai ya buɗe wurin da ke nuna lafiyar ma'ajiya, ya juyo mata da allon yana murmushi.

"Amma dubi nan, lafiyarta ɗari bisa ɗari! A lissafina, in na ci gaba da lallaɓa ta haka, za ta kai shekara talatin."

Balaraba ta tattara takardunta, ta gyara mayafi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ai dole ta daɗe, Malam. Mijin yayata ma haka yake. Shekara ashirin bai tsinana wa kowa komai ba, ko mura bai taɓa yi ba."