Kwale-kwale a Gonar Badamasi

Wani ne a can bayan Kusada, ba zan kama sunansa ba don danginsa suna da yawa, kuma duk masu sanda ne. Manomi ne, ɗan manomi, jikan manomi. Ruwan da ya sani a duniya shi ne na randa da na buta. Sai dai yana da baki, kuma bakin ya fi shi sauri.

Wata damina jakinsa ya kwance ya shiga gonar maƙwabcinsa Malam Badamasi, ya yi wa wake aski tas. Aka je gaban mai gari. Maimakon ya ba da haƙuri a tashi, sai gogan ya miƙe yana kumfar baki.

"Gonar banza gonar wofi! Badamasi, in ƙafata ta sake taɓa gonarka, a bakin auren Sa'a!"

Sa'a matarsa ce, kuma duk garin an san ita ce hankalin gidan. Mai gari ya ce, "Kai, janye maganar nan." Ya ce ai ya riga ya faɗa. Tun daga ranar, in zai wuce ta wajen sai ya yi zagaye kamar mai gudun mahaukacin kare.

Ana nan sai aka tare rafin garin, aka yi dam. Ruwa ya taso ya shanye fadama, ya shanye gonarsa, ya shanye ta Badamasi, ya raba garin da unguwar iyayen Sa'a da ke tsallake. Kowa ya manta da wata rantsuwa. Gogan ya sayar da jakin, ya sayi wani tsohon kwale-kwale wajen wani masunci mai shirin komawa gida, ya ce shi yanzu direban ruwa ne. Filafilin tuƙi ya gagare shi, in ya kama sai jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya, don haka ya sari doguwar gora yana dogara ƙasa da ita.

Dam ɗin nan fa, in ka yi atishawa a wannan gaɓar, daga waccan za a yi maka addu'a. Amma ba mai shiga jirginsa. Mata sun gwammace su yi doguwar tafiya ta bayan ruwa da tallarsu a ka.

Rannan a teburin mai shayi ya leƙa wayar wani, ya ga Bature a cikin ɗan jirgi, gabansa ga wata 'yar talabijin tana nuna masa inda yake a kan ruwa. Ya dafe ƙirji.

"Ashe! Shi ya sa ba a shiga nawa. Ba ni da kayan aiki."

Ranar kasuwar Kankiya ya ɗaure zabinsa a kwando ya tafi shagon Ɗanmaliki, mai kayan wuta na gwanjo. Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su injin jirgin sama za su ce ka dawo bayan la'asar.

"Talabijin ɗin jirgin ruwa nike nema."

Ɗanmaliki ya kusa faɗowa daga benci. Akwai wasu na'urori da suka zo masa cikin dilar kaya daga Legas, sun daɗe a ƙarƙashin kanta ɓeraye na hawa, ba wanda ya taɓa tambaya. Ya zaro babbar, ya goge ta da hannun riga.

"Ranka ya daɗe, na'urar taswira ke nan. Wannan tana nuna hanya, tana nuna zurfi, har kifi tana nunawa."

"Da sunanshi?"

"Da nauyinsa ma."

"Nawa?"

Ɗanmaliki ya faɗa. Kuɗin bijimi ne mai tozo. Gogan ya dubi kwandon zabinsa, zabin suka dube shi.

"Ta yi girma. Jirgina ba shi son nauyi."

Aka fito da matsakaiciya, kuɗin ragon layya.

"Ita ma ta yi girma."

"Malam, girman ne ya dame ka ko kuɗin?"

"Girman kuɗin."

Ɗanmaliki ya sake sunkuyawa ya lalubo wata 'yar mitsitsiya kamar sabulun wanki, gilashin ya tsage, an naɗe bayanta da salatif. Ya kunna. Shuɗi ya cika fuskarta, ga wasu tsibirai da rubutun da ba mai iya karantawa.

"Ina Kusada a nan?"

"Wannan tekun masu ita ne na farko. Sai an sa mata taswirar yankinku. Akwai sabuwa, ita sai an biya. Akwai tsohon hoto da aka ɗauka daga sama tun da daɗewa, shi kyauta ne. Sai dai gaskiya ba ruwa a cikinsa, tudu ne zalla."

"To ni ruwa na zo gani? Ruwa ai ina ganinshi da idona! Kuma ƙasa tana tsufa ne? Sa mani na kyauta."

Ɗanmaliki ya buɗe baki zai ƙara bayani, ya dubi zabin nan masu ƙiba, ya rufe. Aka yi ciniki.

Washegari gogan ya ɗaure na'ura a gaban jirgi da tsumman zani, ya lallaɓi Sa'a ta shiga a gwada, don mutane su ga ko iyalinsa ya yarda da shi. Aka kunna. Sai ga garinsu kamar yadda yake kafin ruwa: ga gonaki, ga kunyoyi, ga 'yar hanyar ƙafa tana lanƙwasa a tsakani, ga wata 'yar kibiya tana motsi.

"Sa'a, kin ga kibiyar nan? Ni ne!"

"Ka rame."

Ya kama tuƙi. Ruwa shimfiɗe fetal ko'ina, amma shi hanyar ƙafa yake bi. Inda ta yi kwana, ya yi kwana. Inda ta ratsa tsakanin gonaki biyu, ya matse kafaɗa. Can sai ya daka tsawa.

"Sunkuya!"

Sa'a ta kife a cikin jirgi. "Mi ya faru?"

"Reshen tsamiyar gidan Babba. Kullum sai ya cire mani hula."

"Malam, tsamiyar da aka sare aka ƙona tun kafin a yi dam?"

"Ga ta nan a na'ura. Ke kin fi Bature sani?"

Ba a jima ba ya ja gora da ƙarfi, jirgi ya karkata, ruwa ya shigo ya jiƙa mata zani.

"Yanzu kuma fa?"

"Rijiya! Saura kaɗan mu faɗa."

Sa'a ta dube shi, ta dubi ruwan da ya kewaye su ta ko'ina, ta matse bakin zaninta.

"Da mun faɗa kau da mun jiƙe."

"Kin gani! Ba don na'urar ba fa?"

Da suka dawo gaɓa ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Saurara da kyau. Jibi sunan ɗan Yaya Ummaru. Ragon sunan shina nan ɗaure a gidanmu, ni na yi kiwonshi. Gobe zan tahi ta tudu in taya su aiki. Kai za ka kawo ragon da sassafe, kai da Nagoggo, tunda ƙafarta ba ta kai ta zagaye. In liman ya tashi ba rago, kar ka neme ni a gidanka."

Nagoggo gwaggon Sa'a ce, tsohuwar da ko kaza ta ratsa gabanta sai ta ji tarihin kakanninta.

Ranar suna aka loda rago, aka ɗaure igiyarsa a hancin jirgi. Nagoggo ta zauna a tsakiya da ƙwaryar cincin a cinya tana salati. Aka kama hanya, hanyar ƙafa dai. Ta sunkuya wa tsamiya, ta zage shi. Aka kauce wa rijiya, ta zagi wanda ya sayar masa da jirgin.

Har sun kusa. Ga ƙofar gidan Ummaru a bakin ruwa, an shimfiɗa tabarmi, maza sun jeru, liman a tsakiya, mahauci yana wasa wuƙa. Mata sun leƙo ta saman zana. Jifa ɗaya ya rage.

Sai gogan ya kafa gora. Jirgi ya tsaya cak.

"Mi kuma?" in ji Nagoggo.

Ya nuna na'ura. Kibiya ta tsaya daidai kan iyaka. Gaba gare ta, shimfiɗe tun daga nan har gaɓa, gonar Badamasi ce, har da wakenta kore shar.

"Gwaggo, ba hanya."

"Ba hanya? Ga ruwa nan kamar faranti!"

"Gonar Badamasi ce. Na yi rantsuwa."

"Kai ɗan nema, a jirgi kake! Ƙafarka a katako take!"

"Gorar fa? Ai ita ce ƙafata yanzu. In ta taɓa, na taɓa."

"To zagaya!"

Ya duba. Gonar doguwa ce, ta bi gaɓa har can inda ido ke ƙarewa. In ya zagaya, sai yaron ya fara rarrafe.

Daga gaɓa Ummaru ya ɗaga murya, "Kai suruki! Kifi kake kamawa? Malam yana da wani sunan a Bauranya!"

Gogan ya haɗa tafin hannu a baki. "Malam Badamasi shina nan?"

Badamasi na cikin 'yan suna, yana ɓare goro. Ya miƙe. "Ga ni. Lahiya?"

"Ina kan iyakarka!"

Badamasi ya dubi ruwa, ya dubi jama'a, ya gyara hula. Mutum ne mai son nishaɗi. Ya ce, "To bi a hankali, kar ka tattake mani yabanya!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Gogan kuwa ya juya wajen Nagoggo. "Kin ji ko? Har shuka ya yi."

Shi rago ba ruwansa da rantsuwa. Ya hango tumaki a gaɓa suna cin dusa, ya yi wani kuka, ya daka tsalle tsulum cikin ruwa. Igiya ta miƙe. Rago ya kama iyo, jirgi ya bi shi. Gogan ya ɗaga gora sama da hannu biyu don kar ta taɓa ƙasa, idonsa a kan kibiya tana kutsawa tsakiyar wake.

"Mun shiga! Wayyo mun shiga! Jama'a ku shaida, jana ake yi!"

Ya ruga gaban jirgi zai kwance igiya. Nagoggo ta ruga ta riƙe ƙwarya. Gora ta maki ɗankwalinta, ta rama da gwiwar hannu. Jirgi ya yi dama, ya yi hagu, ya kife.

Nagoggo ta miƙe tsaye. Ruwan iya cibiya ne. Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta taka zuwa gaɓa, bakinta bai huta ba. Rago ya riga ta isa, mahauci ya yi masa maraba.

Gogan kuwa yana can ya naɗe ƙafafu, gwiwa a ƙirji kamar ɗan tayi, hannu ɗaya a sama riƙe da na'urar da ya fizgo. Ya nutse, ya ɓullo, ya sha ruwa, ya sake nutsewa.

"Sauke ƙafarka! Ba zurfi!" in ji jama'a.

"Aurena!" Ya nutse.

"Kai, miƙe tsaye, za ka mutu!"

Ya ɓullo. "Sa'a!" Ya nutse.

Sai ga Sa'a ta ture zana ta fito da muciya a hannu. "Wallahi kar ka sauke! Kwanan nan na yi wa ɗakina sabon daɓe!"

Ummaru ya juya wajen liman. "Allah gafarta Malam, a yanke mana hukunci da sauri. In ya taka, auren ya mutu?"

Liman ya shafa gemu. "To, mas'alar tana da fuska biyu. Shin gona ce da ruwa ya hau, ko ruwa ne da gona a ƙarƙashinsa? Abin yana son nazari."

"Malam, mutumin kumfa yake fitarwa!"

Badamasi ya tofar da goro, ya ajiye hula, ya naɗe wando, ya shiga. Ya laluba ya cafko gogan ta wuyan riga da ƙugun wando, ya saɓa shi a ka kamar damin gero. Har a lokacin ƙafafun a naɗe suke. Gogan yana aman ruwa yana cewa, "Ku duba da kyau, ba ƙasa a jikinsu! Ko ɗan yatsa bai taɓa ba!"

Badamasi ya gyara masa zama a kansa. Ya tako a hankali, ruwa na zuba a fuskarsa, ya haye gaɓa, ya ratsa tabarmi, ya dire shi tim a gaban liman. Ya share gumi.

"Allah gafarta Malam, tun da aka yi dam gonar nan ba ta ba ni komai ba, bana ga abin da ta yi. Ta ina za a fitar da zakka, ta kai ko ta ƙafa?"