Yadda Za Ka Tabbatar Kai Ragon Soja Ne

Ƙasar da matarka ke karatu ta yi doka, ta jefa rundunar da aka tilasta maka yi wa bautar ƙasa cikin masu ɗaure wa ta'addanci gindi, biza ta gagara. Kwantar da hankalinka. Ni ne Firuz mai shayi a Isfahan, ni na horar da Bizhan ɗan ƙanwata. Bi maganata, jirgi za ka hau ba makawa.

1. Ajiye girman kai
Dokar ba ruwanta da wa ya yi harbi, wa ya fere dankali, duk kaki ɗaya ne. Aikinka ka nuna ba ka taɓa tsinana wa rundunar komai ba. Fara da sauke hoton nan na bango, wanda kake riƙe da bindigar aro.

2. Nemo shaida
Abokin bariki kake so, wanda bakinsa ba linzami. Bizhan ya roƙi nasa abokin, Ardashir, shi ko ya ce, "Kai da aka ba gadin ƙofa na rana ɗaya ka yi ta minshari har akuya ta shiga ofishin kanar? Wallahi ko a kotu zan maimaita!" Irin wannan aboki a riƙe shi da kyau.

3. Tunkari surukinka
Nan ake gumi. Lokacin neman aure ka ce masa a bakin iyaka ka yi aiki, ƙanƙara har gwiwa. Gara ya ji gaskiya daga bakinka. Bizhan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a kicin na yi."

Tsohon ya kurɓi shayi ya ce, "Ɗana, tun da na ga yadda kake yanka albasa na gane. Matarka Golnar ce ta ce in rufa maka asiri."

4. Ranar ganawar biza a ofishin jakadancinsu da ke birnin Ankara
Kar ka ƙame, kar ka sara wa kowa, ko mai gadi. Saki kafaɗa. In an tambayi muƙaminka, ce, "Tukunya ta biyu."

5. Jira
Za a ce ana nazari. Masana irina sun tabbatar nazari alama ce mai kyau.

Sai dai fa, na ce za ka hau jirgi, ban ce yaushe ba, kar wanda ya zo min shago da ƙorafi. Bizhan bai tsallake mataki ko ɗaya ba, yana nan yana wanke min kofuna. 'Yarsa da aka haifa a can har ta fara tafiya. Jiya suna hira ta bidiyo a kwamfuta, Golnar ta ce mata, "Ina Baba?" Yarinyar ta ruga ta ɗauko wayar uwarta ta rungume. Ni dai na shige ciki, don wannan ba ni da mataki a kansa.