Wakilin Tsallaken Kogi

A wani daji, tun zamanin kakanni, dabbobi suka ritsa Zaki yana jinyar ƙafa, suka sa ya rantse ba zai ƙara taɓa ɗan kowa ba sai wakilin dangin ya yarda a gaban majalisa. Kowane dangi aka ba shi dutse guda a gindin kuka, wakilinsa ya zauna a kai. Abin ya yi aiki, ba laifi.

Da ciyawa ta yi ƙaranci, wasu bareyi suka ƙetare babban kogi suka kafa zama, suna alfahari da wannan al'ada ta gida. Amma duk shekara Kura, jakadiyar Zaki, sai ta zo ta ɗebi 'ya'yansu, ta ce wakilinsu ya yarda. Da ta nuna ɗan Ladingo, wata barewa mai taurin kai, sai Ladingo ta ce, "Wane wakilin? Ban taɓa ganinsa ba."

Kura ta ce, "Yana kan dutsensa, 'yar uwa. Bai taɓa fashin zama ba."

Ladingo ta faɗa kogi, ta isa gindin kuka da rana tsaka. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. A kan dutsen 'yan tsallake ta ga ƙoƙon kai fari fat, ƙaho ɗaya a karye. Kakanta ne, Barau, wanda aka bari ya tsaya musu ranar ƙaura.

Dila, shugaban zama, ya juya gare shi cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, Zaki na neman ɗan Ladingo. Akwai ja?"

Iska ta shiga ramin idon ta fita. Kowa ya jira.

Dila ya ce, "Babu ja."

Ladingo ta ce, "Malam Dila, wannan ya mutu tun uwata na shan nono. Ɗana ne, ni na zo, kuma ban yarda ba. Ku ba ni dutse in faɗa da bakina."

Dila ya dubi Zaki, Zaki ya lumshe ido. Dila ya ce, "Haƙƙinki ne, baiwar Allah. Sai dai wakilan tsallake sai an shirya su kafin su zauna. Kura, raka ta bayan kuka."

Tun daga ranar 'yan tsallake ke da wakilai biyu, ƙoƙon kai biyu farare fat, kuma ba a taɓa jin sun saɓa wa juna ba.