Rasuwar Gagara, Bindigar Saje Labbo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Saje Labbo Ɗantsoho, tsohon soja, mai gadin ma'ajiyar takin zamani da ke kan hanyar Argungu a Birnin Kebbi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da manoman fadamar Rima rasuwar bindigarsa, wadda aka fi sani da Gagara. Ta cika ranar Talata da hantsi, farkon daminar 1986, a hannun mai ita, bayan shekara tara tana riƙe masa aikin da shi kaɗai ya rage wa mutum mai ɗingishi irinsa.

Tunda asiri ya riga ya tonu, iyali ba su ga amfanin ɓoye asalin marigayiya ba. Lokacin da aka ɗauki Saje gadi, takarda uku ya rubuta zuwa Sakkwato yana neman bindiga irin wadda ya riƙe a fagen daga. Bai bar komai ba: tsawo kamu biyu da taƙi ɗaya, nauyin da zai zauna daram a kafaɗa, gidan harsashi mai cin ashirin, da maratayi na kaki. Takarda ta farko aka ce ana dubawa. Ta biyu aka kafa kwamiti. Ta uku sai aka aiko masa da usur.

Saje bai yi fushi ba, ko ya yi bai nuna ba. Ya naɗe kwafin takardarsa, ya hau motar Argungu, ya kai wa Tamba kafinta don ya sassaƙa masa irinta. Icen ƙirya ya nema, Tamba ya rantse ƙirya za ta cinye masa bakin kayan aiki, aka daidaita a kan icen gawo. Bakinta guntun bututun famfo ne, kunamarta ƙusa ce da aka lanƙwasa. Da aka ɗaga aka ji ba ta da nauyi, sai aka fafe gindinta aka ɗura dalmar da masunta ke sa wa taru, aka bi ta da baƙin fenti. Daga Tamba sai Ma'u, matar Saje, su kaɗai suka san da wannan magana, kuma Allah ya saka musu, sun riƙe.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kawaici. Ba ta taɓa kashe kowa ba, ba ta taɓa cijewa ba, ba ta taɓa neman harsashi ba. Duk rayuwarta sauti biyu aka san ta da su: "ƙwas" idan Saje ya doke ta da tafi wajen gaisuwa, da "dim" idan ya dire ta a ƙasa. Amma wannan "dim" ɗin ya ishi mutum ɗari uku daga Gulma da Augie su miƙe layi ranar rabon taki, kowa ya kama kansa. Manajan wurin kansa ta bayan Saje yake bi, don kada bakinta ya dube shi.

Ciwon ajali ya same ta ne a bara, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Saje sati uku, aka jingine ta a bangon ƙasa na ɗakin gadi. Gara ta shiga ta gindi, ta yi ta ci daga ciki, ta bar fenti yana sheƙi. Sau da yawa yakan ji wani "ƙus-ƙus" kusa da kunnensa, sai ya ɗauka ragowar ƙarar yaƙi ce. Ta gagari ɓarayi, ta gagari masu tsallake layi, amma ba ta gagari gara ba.

Ranar da abin ya faru, wani babba ya zo daga Sakkwato buɗe rabon taki. Saje ya ƙame, ya ɗaga ta, ya doke ta da tafi kamar kullum. Maimakon "ƙwas" sai aka ji "fus". Gindin ya zube kamar garin tuwo, dalma ta gangara har gaban takalmin baƙo, Saje ya tsaya riƙe da bututun famfo yana ƙame.

Wani dattijo daga Augie ne ya fara magana: "Saje, ashe icce na? Shekara tara muna tsoron icce?"

Aka kwashe da dariya, layi ya watse, aka afka wa ma'ajiya. Saje ya busa usur har numfashinsa ya ɗauke, ko waiwaye ba wanda ya yi. Ya ce ya ga mutuwa iri-iri a yaƙi, amma bai taɓa jin kunya da ciwon rai irin na ranar ba.

A wannan karon Sakkwato ba ta ɓata lokaci ba. Cikin kwana huɗu takarda ta iso da laifi biyu: ya riƙe bindiga ba lasisi, kuma ya yaudari hukuma da cewa yana da bindiga alhali ba shi da ita. An sallame shi. Ya je Argungu neman wata, Tamba ya dube shi da tausayi ya ce, "Saje, ko na sassaƙa maka wata, wa za shi ƙara jin tsoro nata?"

Marigayiya ta rasu ta bar maratayinta, da usur wanda ba a saurara masa, da takalman soja da suka buɗe baki, da Ma'u, wadda ta fara surfen shinkafar maƙwabta, da Saje kansa, mai shekara hamsin da huɗu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan gidansa, da abin da aka iya sharowa a cikin kwano. Ba a buƙatar masu ɗaukar makara, mutum ɗaya ya isa. Ana roƙon masu zuwa su bar dariyarsu a bakin zaure, kuma kada su nufi ƙofar ma'ajiya, wani ne a wurin yanzu. Zaman makoki kuwa ba a yanke masa kwanaki ba. Da safe ko da rana, bana ko baɗi, duk lokacin da aka zo za a tarar da Saje a gida.