Uwar Guguwar Gumel

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Zainab ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin kaina nake ji.

Zainab 'yar maƙwabciyata ce, Maman Habibu, wadda katanga ɗaya ta raba mu a nan Gumel. Ranar na dawo daga firamaren da nake koyarwa, na yi wanka, na sa anko, ina gaban madubi ina fama da ɗauri, sai ga ɗana Sadik ya faɗo ɗaki yana ihu, ba riga, fuska duk baƙi-baƙi. Ya tallafe hannun dama da na hagu, tsintsiyar hannun ta karkace kamar ba a jikinsa take ba.

"Innalillahi! Me ya same ka?"

"Umma, reslin muke yi a kango, ni da Habibu, shi ne..." Sai kuka ya ci ƙarfinsa.

Ban jira sauran zancen ba. (Da ma ni ba gwanar jiran sauran zance ba ce, mai gidana shaida ne.)

A bayan layinmu akwai wani kango da mai shi ya fara ginawa ya watsar. Nan yaran unguwa suka mayar filin reslin, irin wanda suke gani a waya. Ba kokawar iyayenmu ba, wadda ake yi a kan yashi da dattijo tsaye yana rabawa. Wannan shaƙe wuya ne, da maka wa juna kujerar roba, da dirowa daga sama. Abin takaicin ma, samari ne masu gemu ke zagaye su suna ɗauka a waya suna zuga su. Na sha yi wa mai gidana magana, sai ya yi dariya ya ce, "Malama, maza ne, bar su su yi ƙwari." Ni kuwa tuni na yanke hukunci a raina: Sadik salihi ne, 'ya'yan mutane ke jansa. Ga Habibu ya girme shi, ya kuma fi shi jiki.

Babansa ya ɗora shi a babur suka nufi asibiti, ya ce in biyo su. Na ce to. Ina fita, maimakon in miƙe titi, sai na karya kwana na faɗa gidan biki.

Tsakar gida cike da mata. Dangin ango sun zo daga Maigatari, an shimfiɗa musu manyan tabarmi, an jere musu kwanukan abinci, masu kiɗan ƙwarya na gefe. Ko sallama ban yi ba.

"Ina Maman Habibu? Ki fito ki ji abin da ƙaton ɗanki ya yi!"

Kiɗa ya tsaya. Ta taso da fara'arta tana cewa, "A'a, Malama, sai yanzu?" Na tare numfashinta. Na ce sun haifi bijimi sun sake shi a unguwa ba igiya. Na ce ya karya min ɗa, kuma sai hukuma ta raba mu. Na ce in tarbiyya ta gagare ta, ta kawo shi ajina in koya masa. (Wannan ta ƙarshen, har da nuna ƙirji na yi.) Wata dattijuwa, gwaggon ango, ta ce da ni a hankali, "'Yar nan, zauna ki sha ruwa, a bi abin sannu."

Na ce, "Hajiya, ba shan ruwa ya kawo ni ba."

Fuskar Maman Habibu ta yi jawur don kunya, a gaban surukai ranar farko. Ta juya ta nufi ɗakin samari da ke kusa da zaure tana cewa wallahi yau sai Habibu ya gaya mata. Na bi ta, mata suka biyo mu.

Muka same shi kwance a ƙasa ya dunƙule, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya cusa gefen riga a baki don kar a ji nishinsa. Numfashi yake ja guntu-guntu. Ta daka masa tsawa ya tashi, ya yunƙura ya kasa.

"Mama, ƙirjina," ya ce da ƙyar. "Ban so in ɓata wa Yaya Zainab biki ba ne."

Kafin in gama fahimtar abin da nake gani, amarya da kanta ta kutso, lalle fal hannunta, riƙe da waya. Ta ce, "Mama, ku ga abin da aka turo wa ƙawata yanzu." Kawuna suka haɗu a kan wayar, nawa a gaba.

Ga Habibu kwance a kan wani tsohon ƙyaure da aka ɗora bisa bulo. Ga wani yaro can saman katangar kango, ba riga, fuska shafe da gawayi, ya ɗaure kai da jan ƙyalle yana dukan ƙirji. Salihina ne. Ya buɗe murya ya ce, "Ni ne Guguwar Gumel! Uwata ma tsorona take ji!" Habibu na daga ƙasa yana roƙo, "Sadik, kar ka diro, ya yi tsawo!" Ƙattin nan kuwa suna ta "Diro! Diro!" Ya diro da gwiwoyi a kan ƙirjin yaron mutane, ƙyauren ya rabe biyu, shi kuma ya dafa ƙasa da hannu. Ƙarar nan har yau tana kunnena.

Sai wata ta ce, "A'a, wannan ba ɗankwalin Malama ba ne a kansa?" Shi ne kuwa. Da ƙasa za ta tsage, da na shige har da ankon. Gwaggon ango ta dube ni ta ce, "To, yanzu kya sha ruwan?"

A motar da ta kawo dangin ango aka kai Habibu asibiti. Hoto ya nuna haƙarƙarinsa ya karye, likita ya ce Allah ne ya tsare ƙashin bai huda huhu ba. Zainab da kukan gaske aka kai ta ɗakin miji. A barandar asibiti na tsuguna gaban Maman Habibu na rasa ta inda zan fara, sai ita ce ta riga ni: "Malama, ya hannun Sadik?" Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Haushin da ya rage na sauke shi inda ya dace. Na tasa mai gidana gaba, shi da ya ce a bar su su yi ƙwari, har gidan mai unguwa, aka toshe ƙofar kangon nan da bulo. Ƙattin da suka zuga yaran kuwa, ko ɗaya bai leƙo dubiya ba. Suna can suna tura bidiyon ana dariya, kamar ba 'ya'yan mutane ne suka kusa nakasa ba. Duk wanda na haɗu da shi a hanya, in ya gaishe ni, sai na tambaye shi ko ya samu wani yaron da zai zuga.

Yaran sun warke, har sun koma tafiya makaranta tare. Ni ce ban warke ba, don a unguwa har yau Maman Guguwa ake kirana. Yanzu duk yaron da ya zo min da kuka, a gida ko a aji, ya ce wane ne ya ji masa ciwo, sai in nemi wuri in zauna tukuna in ce, "Sannu. To kai a ina kake tsaye lokacin da abin ya faru?"